Fabrairun 1960, watan da Faransa ta tada bam a Sahara

In ana maganar 1960 mu nan Damagaram abin da ke zuwa ran kowa 3 ga watan Agusta ne, ranar 'yancin kai, shi kenan. Amma ni watan Fabrairu na wannan shekarar ya fi tsaya min a rai, tsakiyar hunturu, lokacin da mutane ke fama da ƙura da kaushi.

Ranar 1 ga wata wasu ɗalibai baƙar fata su huɗu suka shiga kantin Woolworth a garin Greensboro na Amurka suka zauna kan kujerun da aka ware ma turawa, aka ƙi ba su abinci, su kuma suka ƙi tashi. Ranar 3 ga wata firaministan Ingila Harold Macmillan ya tsaya gaban majalisar Afirka ta Kudu a Cape Town ya ce masu iskar canji na kaɗawa a Afirka, ko suna so ko ba sa so. A Brussels kuma ana zaune kan maganar Kongo, har aka tsaida 30 ga Yuni ranar ba su mulki. Kai ka ce nasara sun gaji da mu ne sun fara naɗe tabarma.

To ina! Ranar 13 ga wata da sassafe Faransa ta tada bam ɗin nukiliya na farko da ta mallaka, ba a ƙasarta ba, a Sahara kusa da Reggane cikin Aljeriya, ana tsaka da yaƙin neman 'yanci. Sunan da suka sa ma gwajin Gerboise Bleue, ƙarfinsa wajen kiloton 70, ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Shugaban Faransa De Gaulle ya aika saƙon murna wai daga safiyar nan Faransa ta ƙara ƙarfi da alfahari. Hujjarsu hamada ce ba kowa, alhali akwai garuruwa da gonakin dabino da makiyaya, kuma duk wanda ya san hanyar Agadas ya san hamada ba ta taɓa zama babu mutane.

Abin da ya fi ba ni haushi, sun san inda ƙurar ta bi. A 2014 wata jaridar Faransa ta buga taswirar da sojojinsu suka ɓoye shekara da shekaru, ta nuna gubar ta kai Njamena, ta kai Bamako, har ta haura zuwa gaɓar Turai cikin mako biyu. To ku ɗauko taswira ku duba tsakanin kudancin Aljeriya da Chadi wace ƙasa ce, ba sai na faɗa ba.

Kuma wa zai yi magana a lokacin? Nijar na cikin Communauté ta De Gaulle, wato ƙungiyar da ta haɗa Faransa da ƙasashen da take mulka, Diori Hamani ke riƙe da gwamnati, an haramta Sawaba ta Djibo Bakary tun 1959, jam'iyyar da ke da mutane sosai a nan yankinmu. Nkrumah na Gana ne ya yi ta maza ya riƙe dukiyar Faransa da ke ƙasarsa. Najeriya ma da ta samu 'yanci, bayan gwaji na uku sai ta sallami jakadan Faransa a Janairun 1961.

Watan ma bai ƙare lafiya ba, Fabrairun shekarar mai kwana 29 ne, kuma daren 29 ɗin girgizar ƙasa ta rushe Agadir a Maroko cikin azumi, mutum sama da dubu 12 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Wannan dai daga Allah ne. Na Reggane kuwa mutane suka zauna suka tsara, kuma ba su tsaya nan ba, gwaji 17 suka yi a Aljeriya har 1966, 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker arewa da Tamanrasset, yawancinsu ma bayan Aljeriya ta karɓi 'yancinta a 1962.