Kwana shida a ƙafa a kan tsaunin Tasili

Ranar farko haushin jagoranmu na yi ta ji. Ba'abzine ne mutumin Janet, can kudu maso gabashin Aljeriya, yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Ni kuwa da sabon takalmina sai zumuɗi nake, in wuce shi, in tsaya jira. Bai ce min uffan ba. Kafin la'asar diddigena ya yi bororo biyu, na shanye ruwan gorata tas, tasa ko rabi ba ta yi ba.

Mota ba ta hawa Tasili n'Ajjer ta wannan gefen. A gindin dutse take sauke ku, jakuna su ɗauki ruwa da abinci da barguna, ku kuma ku bi mashigar Tafilalet da ƙafa. E, barguna na ce. A watan Janairu muka je, da asuba sai na hura yatsuna kafin in iya ɗaure igiyar takalmi.

A Tamrit muka tarar da wasu tsofaffin itatuwa, irinsu ɗari biyu da 'yan kai suka rage a daji, wasu sun haura shekara 2,000. Na ɗora hannu a jikin ɗaya, ban san dalili ba.

Amma Sefar ce ta kashe min baki. Lunguna ne tsakanin duwatsu kamar garin da aka watse aka bari, in ba da jagora ba ɓata za ka yi cikin minti goma. A ƙarƙashin wata rumfar dutse ya tsaya, ya nuna da haɓa. Shanu ne zane da jar ƙasa, garke guda, da makiyayinsu a baya. Shanu, a inda jaki ke ɗauko mana kowane ɗigon ruwa! Zane irin wannan ya fi 15,000 a yankin, shi ya sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1982. Na kai hannu zan shafa, ya riƙe min wuyan hannu, ya girgiza kai.

Daga rana ta uku bayansa na koma, inda ya ɗaga ƙafa nan nake sa tawa. Da dare ya binne gurasar tagella a cikin rairayi da garwashi, ya tono ta ya karkaɗe. Da zai miƙo min shayi ya dubi ƙafata da ke naɗe da tsumma, ya yi dariyar da tun ranar farko yake riƙe da ita.