A kan keke bisa tudun Chemin des Dames

Daga Reims, inda nake zaune, zuwa gindin tudun Chemin des Dames tafiyar kilomita 30 ce ko kusa da haka. Mai keke da lafiyar ƙafa, in ya fita bayan asuba, kafin hantsi ya yi zafi yana can. Ni ɗan Damagaram ne, neman abinci ya kawo ni Faransa, kuma keke ne ke fitar da ni daga gari ranar Lahadi. Na bi hanyoyin wannan yanki da dama, amma wannan ce nake so 'yan'uwanmu mazauna ƙasar nan su bi ko sau ɗaya ne, domin akwai namu da suka rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya kwance a can.

Farkon tafiyar babu wahala. Ina bin ƙananan hanyoyin da ke tafe kusa da kanal ɗin da ya haɗa kogin Marne da na Aisne, ƙasa shimfiɗe, gonakin alkama hagu da dama, sai na bitrab, saiwar da suke tatsar sukari daga cikinta. Ranar Lahadi da safe ƙauyukan shiru suke, in ban da gidan burodi ba abin da ke buɗe. A Berry-au-Bac ake haye Aisne, kuma gaba kaɗan, a wata mararraba, akwai wurin tunawa da tankokin yaƙi, domin nan ne tankokin Faransa suka fara shiga fagen daga ranar 16 ga Afrilu 1917. Ba na daɗewa a nan. Nakan sha ruwa, in miƙe ta Pontavert zuwa Craonne.

A Craonne ne ƙafa ke fara aiki. Ƙauyen da ake gani yau sabo ne, an gina shi bayan yaƙi a ƙasan tudu. Tsohon yana sama, kuma babu gida ko ɗaya da ya rage a cikinsa. In ka jingine keke ka shiga cikin itatuwan, za ka ga ƙasar duk ta yi kwari da tudu, rami na bin rami, ciyawa ta rufe su, ga ƙananan alluna na nuna maka inda coci yake da inda titi ya bi. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan, ƙasar ba ta koma daidai ba.

Daga nan hanya ta miƙe sama zuwa Plateau de Californie. Tudun ya ɗara kwarin Aisne da fiye da mita 100, kuma hawan ba shi da sassauci. Sai ka mayar da sarƙa kan giya mafi sauƙi, ka tashi daga sirdi, ka riƙa taka feda kana jin numfashinka a kunnenka. Wanda ya zo a mota ba zai san wannan ba, zai murɗa sitiyari sau biyu ya ga kansa a sama. Ni kuwa kowane hawa sai na tuna cewa wannan gangaren ne aka ce mutane su hau da ƙafa, da kaya a baya, cikin taɓo, ga bindigogi masu sarrafa kansu na jiransu a bisa. Saboda wannan nake cewa keke ya fi mota a wurin nan. A saman akwai hasumiyar katako da ake hawa, daga kanta kana hango kwarin Aisne gaba ɗaya, ka kuma gane cewa wanda ya riƙe tudun yana ganin duk mai motsi a ƙasa.

Jamusawa ne suka riƙe shi tun Satumbar 1914. Sun yi fiye da shekara biyu suna gina ramuka da maɓoya, suka kuma shige cikin tsofaffin ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashin tudun, inda harsashin igwa ba ya kai wa. Janar Robert Nivelle, babban kwamandan sojojin Faransa, ya yi alkawarin zai fasa wannan layi cikin kwana ɗaya ko biyu. Da ƙarfe shida na safiyar 16 ga Afrilu 1917 aka ba da umarnin tashi.

Cikin waɗanda aka sa a sahun gaba akwai sojojin da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais. Sunan na ruɗar mutane, domin ba 'yan Senegal kaɗai ba ne. Daga ko'ina cikin ƙasashen yammacin Afirka da Faransa ta mallaka aka kwaso su: Mali ta yau, Gini, Burkina Faso, Benin, Kodebuwa, har da ƙasarmu Nijar, wadda a lokacin Damagaram ce hedikwatar mulkin sojan da ke riƙe da ita. Da yawa ba da son ransu suka zo ba, sarakuna da masu gari aka ɗora wa adadin samarin da za su kawo. A tsawon yaƙin an ɗebi kusan mutum 200,000 daga yammacin Afirka, kimanin 30,000 ba su koma gida ba.

Janar Charles Mangin ne ke jagorantar rundunar da suke ciki. Shi ne tun 1910 ya rubuta littafi yana kiran Faransa ta cike gibin sojojinta da baƙar fata. Bisa al'ada, in sanyi ya shigo akan janye sojojin Afirka zuwa sansanonin kudu, wajen Fréjus da Saint-Raphaël, sai gari ya yi ɗumi a dawo da su. A wannan shekara an kawo su arewa alhali sanyi bai tafi ba. Suka kwana a ramuka cikin ruwa, da safe ga ƙanƙara na zuba. Hannayen wasu sun sandare har ba su iya ɗana bindiga. Sama da 15,000 aka tura, kusan rabinsu aka kashe, ko aka raunata, ko suka ɓace cikin 'yan kwanakin farko.

Na taɓa bin tudun a tsakiyar Afrilu da gangan. Da safar hannu, da riga kan riga, amma iskar da ke kaɗawa a fili sai da ta hana ni matse birki yadda ya kamata. Hunturunmu na Damagaram, wanda ke sa tsofaffi kwana gaban wuta, ko kusa bai kai wannan ba. Ni da yamma zan koma ɗaki mai ɗumi. Su kuwa yara ne 'yan shekara ashirin da aka raba da gonakin gero, ba su san sunan ƙauyen da aka ce su ƙwato ba.

Blaise Diagne, ɗan majalisar da ke wakiltar Senegal a Paris, ya tashi a zaman sirri na majalisa a watan Yunin 1917 ya tuhumi manyan hafsoshi da jefa waɗannan sojoji cikin halaka. Kafin nan an riga an sauke Mangin, Nivelle ma an maye gurbinsa da Janar Pétain ranar 15 ga Mayu, kuma sojojin Faransa da kansu sun fara ƙin komawa fagen daga. Abin da ke ci mini rai shi ne, Diagne ɗin nan shi aka tura Afirka a 1918 ya sake ɗebo wasu dubbai.

Daga Plateau de Californie hanya ta bi ƙoƙuwar tudun zuwa yamma, kwalta mai laushi, motoci jefi-jefi. Sunanta, Chemin des Dames, wato hanyar manyan mata, ya samo asali ne daga 'ya'ya mata na Sarki Louis na 15, Adélaïde da Victoire, waɗanda aka gyara ta dominsu. Za ka wuce mutum-mutumin Napoleon, wanda ya yi yaƙi a nan ranar 7 ga Maris 1814, sannan gonar Hurtebise, inda tudun ya tsuke. Dab da ita ne Caverne du Dragon take, tsohon ramin dutse da Jamusawa suka kama a Janairun 1915 suka mai da shi bariki, da rijiya da wurin jinya da maƙabarta duk a ƙarƙashin ƙasa. A 1917 akwai lokacin da sojojin ɓangarorin biyu suka zauna cikinsa tare, bango kawai ya raba su.

A kusa da shi ne aka kafa abin tunawa da namu a 2007: dogayen gumaka tara na itace da aka babbake ya yi baƙi ƙirin, aikin Christian Lapie. Ba su da fuska, ba su da hannu. Wasu sun ce abin ya taɓa zuciyarsu. Ni na yaba da niyyar, amma mutanen nan suna da sunaye da iyaye da garuruwa, kuma shekara casa'in aka yi kafin a kafa musu ko wannan.

Sunayen sai a Cerny-en-Laonnois, gaba kaɗan. Maƙabartar Faransawa mai mutum fiye da 5,000 na jingine da ta Jamusawa mai fiye da 7,000. Cikin jerin fararen gicciye za ka hango wasu duwatsu masu kai kamar ƙofar masallaci. Matsa kusa: akwai jinjirin wata da tauraro, a ƙarƙashinsu an sassaƙa da Larabci "haza ƙabrul marhum", sannan ƙaramin allo mai suna da bataliya da ranar rasuwa. Sunayen yadda kunnen magatakardan Bature ya ji su haka ya rubuta, sai ka karanta da ƙarfi sannan ka gane sunan gida ne. Nan nake cire hular kwano in tsaya in yi musu addu'a. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta. Da yawa ma ko dutse ba su samu ba, suna cikin kaburburan bai-ɗaya ko ƙarƙashin gonakin da manoma har gobe suke tono harsasai a ciki.

Daga Cerny nakan gangara arewa zuwa kwarin Ailette. In da sauran ƙarfi, sai in karkata zuwa kangon Vauclair, gidan ibadar da aka kafa a 1134 wanda igwa ta rushe a 1917. In babu, in miƙe Laon, wadda babban cocinta ke bisa dutse ana hango shi tun daga nesa.

Mai niyyar zuwa ya cika gorunan ruwansa ya riƙe guzuri tun daga Reims, domin a bisa tudun shaguna ba su da yawa. Caverne du Dragon ba a shiga sai da ɗan jagora, kuma cikinta da sanyi ko da rani, a taho da riga mai kauri. In ka ga wani ƙarfe mai tsatsa an ajiye a bakin gona, kada ka taɓa shi. Daga Laon akwai jirgin ƙasa zuwa Reims, kuma ana shiga da keke.