Iskar gaban hadari, rufin kwano da ƙanƙara

A ƙauyukan da ke tsakanin Garwa, Gidar da Marwa a arewacin Kamaru, farkon damina ya fi tsakiyarta ɓarnar iska. Daga watan Afrilu zuwa Yuni ƙasa ta gasu, sai hadari ya haɗo daga gabas yana turo jar ƙura a gabansa, kuma iskar da ke riga ɗigon farko isowa ita ce mai yaye rufi. Mutane kan ce guguwa ce, amma guguwa mai juyawa da ke saukowa daga gajimare ba kasafai ake samunta a nan ba. A duba yadda kaya suka zube bayan an lafa. In itatuwa da danga duk sun kwanta fuska ɗaya, iskar gaban hadari ce. In kuwa ɓarnar ta bi siririn layi, ta rusa gida ta bar na maƙwabci ko tsinke bai faɗi ba, mai juyawar ce. Shirin da za a yi musu dai ɗaya ne.

Iska ba ture kwano take yi ba, zuƙo shi take yi sama, kuma daga kusurwa da bakin rufi take farawa. In ƙofa ko tagar gabas ta buɗe, sai iskar ta cika ɗaki ta riƙa tura rufin daga ciki. Shi ya sa ake ganin rufi ya tashi ɗungurungum da katakonsa ya sauka a gonar wani. Kwanon bai yi laifi ba, katakon ne ba a ɗaure shi da bango ba.

Tun wajen gini ake gyara wannan. Magini ya binne rodi mai milimita 6, ko waya mai kauri riɓi biyu, kamar layi uku na bulo ƙasa da saman bango, a naɗo ta kan kowane katakon rufi a murɗe. A ginin ƙasa a ƙara zurfafawa, domin layin sama shi kaɗai iska na ɗaga shi tare da rufin. Ƙusa kuma mai hula ake so, a buga ta a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A baki da kusurwa da tsororuwa a buga wa kowane tudu, a tsakiya ne ake iya tsallake ɗaya. Wajen ƙusar nan kafintoci ke yin tsimi, su cinye mai gida. Bakin kwanon da ya zarce bango kada ya wuce santimita 40, in ya fi haka an ba iska mariƙi. Wanda ya yi wa gininsa rawani, wato ya ɗaga bango ya zarce rufi, ya rufe bakin kwanon gaba ɗaya ya fi kowa kwanciyar hankali, muddin indararo bai toshe ba.

Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake ɗorawa a kan rufi rufa ido ne. Ƙaramar iska suke tarewa, babba kuwa jefo su take yi tsakar gida. Kafin ruwan farko a hau da wuƙa a soki katako da azara: in bakin wuƙar ya nutse, gara ta gama da shi, ƙusa ba ta riƙe komai ba. A sassabe rassan darbejiyar da suka rufa kan ɗaki, a sake yaɓen bangon gabas, a ɗaure jinkar rumbu da sabuwar igiya.

Da an ga jar ƙura, a kashe murhu tukuna, don garwashi da jinka ba sa haɗuwa da iska. A rufe ƙofofi da tagogi duka, a shigar da yara ɗakin da ya fi ƙanƙanta da ƙarfi, nesa da taga. Wanda abin ya riska a daji kada ya fake a gindin itace, saboda tsawa da karyewar reshe.

Ƙanƙara ba ta daɗewa, sau da yawa mintuna kaɗan ne, kuma takan daki gona ta bar ta gefenta. Kaji da 'yan awaki ta fi kashewa, su za a fara korawa ƙarƙashin rumfa. A gona kuwa kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar sake shuka washegari. Masarar da ba ta kai ganye shida ba zuciyarta, wato inda sabon ganye ke fitowa, tana ƙarƙashin ƙasa, ko ganyen ya zama tsumma za ta sake tofowa. Dawa da gero ma suna fitar da 'ya'ya daga gindi. A ba su kwana biyar zuwa mako guda, sannan a tsaga kara biyu ko uku: zuciya fara mai tauri tana da rai, wadda ta yi ruwan ƙasa ta yi laushi ta mutu.

Auduga ba ta da wannan gata, domin ita zuciyarta a saman ƙasa take. In ƙanƙara ta karya ta ƙasa da ganyen nan biyu na farko, ba za ta dawo ba. A bi layi a ƙirga ramukan da suka tsira, in gibin kaɗan ne a cike shi, in ya yi yawa a je wa malamin gona da lissafin kafin lokacin shuka ya ƙure.