Yadda Tsatsar Alkama Ke Ɓad da Kama

Irin alkama da aka raba wa manoma da sunan mai jure tsatsa yakan yi 'yan shekaru lafiya lau, sai a wayi gari karansa ya yi jawur. Manomi ya ce iri ya tsufa. Irin yana nan yadda yake, cutar ce ta canza, kuma yanzu an san ƙwayoyin gadon da take taɓawa.

Tsatsa dangin fumfuna ce, kuma ba ta rayuwa sai a jikin tsiro mai rai. Ƙurarta kan sauka a ganye, in ta samu raɓa ta awa 6 zuwa 8 sai ta tsiro, ta shiga ta ƙofar numfashin ganyen, ta cusa wani bakin tsotso cikin tantanin alkamar. Ta nan take shan abinci, ta nan kuma take zuba ɗaruruwan ƙananan furotin masu kashe garkuwar shukar. Cikin mako biyu ƙuraje sun fashe, sabuwar ƙura ta bi iska.

Alkama mai juriya tana da ƙwayar gado, kamar Sr35 ko Sr50, wadda ke gane ɗaya tak daga cikin waɗannan furotin, tamkar mai gadin da ya san fuskar ɓarawo guda. Da ta gane shi sai tantanin da aka shiga ya kashe kansa, cutar ta mutu da yunwa. Ɗan ɗigo fari kawai za a gani a ganye. A 2017 aka gano biyun farko na ƙwayoyin gadon cutar da ke yin waɗannan furotin da ake ganewa, a tsatsar kara: AvrSr35 da AvrSr50, sai AvrSr27 a 2021. Abin da aka gani yana da tayar da hankali: cutar ba ta buƙatar sabon makami. A AvrSr35 wani guntun DNA ne ya faɗo tsakiyar ƙwayar gadon ya lalata ta, sai Sr35 ta rasa abin da za ta gane. A AvrSr50 kuwa sauyin ɗigo ɗaya a jikin furotin ɗin ya isa Sr50 ta daina gane shi.

Akwai abin da ke ɗan rage mata gudu. Kowane tantanin tsatsa cibiya biyu gare shi, wato ma'ajiyar ƙwayoyin gado, don haka sai kwafi biyun na ƙwayar gadon sun lalace kafin ta kuɓuta. Sai dai tana musayar cibiya da 'yar'uwarta. A 2019 aka nuna cewa Ug99, nau'in tsatsar kara wadda ta ɓulla a Uganda a 1998 ta karya ƙwayar gadon juriya ta Sr31 da duniya ta daɗe tana dogaro da ita, ta wannan hanyar ta samu. Daga nan ta shiga Kenya, Habasha, Sudan da Yemen, ta kai Iran a 2007. A 2013 wani nau'in daban ya cinye gonakin irin Digalu a Habasha, don ƙwayar gado ɗaya ce, SrTmp, ke riƙe da shi a fili mai faɗin gaske.

A ganina nan ne kuskuren yake. Shuka irin da ke tsaye kan kariya ɗaya a dubban hekta tankaɗe ne ake yi wa cutar, wadda ta sauya ce kaɗai za ta hayayyafa. Gara a haɗa da ƙwayoyin gado irin su Sr2 da Lr34, waɗanda ba sa hana kamuwa gaba ɗaya amma suna rage wa cutar ƙarfi, sun kuma daɗe ba su karye ba. A 2021 masu bincike a Ostireliya sun ɗaure guda biyar wuri ɗaya: Sr22, Sr35, Sr45, Sr50 da Sr55.

Gane nau'in tsatsa aikin ɗakin gwaji ne. Ana fesa ƙurar a kan 'ya'yan alkama iri 20 da aka san kariyar kowanne, a kwana da su cikin laima, bayan kwana 14 a ba kowanne maki daga 0 zuwa 4. Daga sakamakon ake fitar da suna mai harafi biyar, kamar TTKSK na Ug99.

Saboda haka malamin gona a Kadawa ko Haɗeja da ya ga manyan ƙuraje a irin da aka sani da juriya, ya yanki karan ko ganyen, ya bar shi ya sha iska a inuwa, ya sa a ambulan ɗin takarda. Leda tana tara gumi, samfurin ya ruɓe kafin ya isa. Ya rubuta sunan iri, wuri da rana, ya aika Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin binciken alkama a Najeriya.