Laraba a Roskilde: ruwan sama da bakin farfela

Yau tun ƙarfe takwas muka kunna injin gwajin zaizayar farfela a nan Roskilde, ƙasar Denmark. Hannuwa uku ne ke juyawa cikin rufaffen ɗaki, kowanne an ɗaura masa guntun farfelar injin iska mai samar da wutar lantarki, ruwa na ɗigowa daga allurai a sama. Duk bayan rabin awa sai mu tsayar, mu ɗauki hoto, mu sake kunnawa. Har azahar fentin yana sheƙi kamar ba a taɓa shi ba. Da na dawo daga salla na shafa bakin da yatsa, sai na ji ƙananan ramuka kamar bayan lemun tsami. Kafin la'asar fentin ya ɓare, zaren gilashin da ke ƙarƙashi ya fito fari fat.

Wannan shirun na farko shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai a aikin nan. Ƙarshen farfelar babban inji yana gudun mita 80 zuwa 90 a daƙiƙa, wajen kilomita 300 a awa ke nan. Da irin wannan gudu, ɗigon ruwa mai faɗin milimita 2 duka yake yi. Kowane ɗigo yana barin gajiya a cikin fentin, ido ba ya gani, tana taruwa har ranar da za ta fashe. Lissafin da muke amfani da shi ya samo asali daga aikin George Springer na 1976: ka san girman ɗigo, yawansa da gudun farfela, sai ka ƙiyasta yaushe ramin farko zai bayyana. Kuma ɓarnar ba ta tafiya daidai da gudu, ninkawa take yi. Shi ya sa masu bincike a nan Denmark suka kawo shawarar a rage gudun injin a 'yan awoyin da ruwa ya tsuge. A rasa wuta kaɗan yau, farfela ta ƙara shekaru. Ba wasa ba ne: gonar iska ta Anholt da ke teku ta fara aiki a 2013, zuwa 2018 ana ta gyaran farfelun yawancin injinanta 111.

Da yamma na zauna kan hotunan farfelun da jirgi mara matuƙi ya ɗauko, ina yi wa kwamfuta alama, nan zaizaya ce, nan datti ne, nan kashin tsuntsu. Aiki ne mai cin ido, amma da shi ake gane ko lissafi ya faɗi gaskiya.

Bayan magariba Yaya ya kira daga Katsina.

"Ƙanena, ka ce ruwan sama na cin fanka? To namu na Lambar Rimi fa, da ba sa ganin ruwa sai wata huɗu?"

"Yaya, tambayar da ke hana ni barci ke nan."

Injinan iska 37 ne a can Lambar Rimi, a jihar Katsina, kowanne kilowat 275, jimilla megawat 10. Duk lissafinmu an gina shi kan ruwan Tekun Arewa. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi laushi gare ta, da yawanta bin iska take ta kauce wa farfela, wadda ta manne kuma tana sa bakin ya yi kaushi, wuta ta ragu. Wanda na fi tsoro shi ne guguwar farkon damina, mai ɗauko yashi, ruwa mai manyan ɗigo ya biyo bayanta. Yashi ya kankare, ruwa ya daka.

Abin da ya faranta mini rai shi ne injinan Lambar Rimi masu farfela biyu ne, kuma ana iya kwantar da su ƙasa. Ba sai an nemi jirgi mara matuƙi ko mai hawa da igiya ba. Mutum zai tsaya da ƙafarsa ya auna, ya ɗauki hoto, sau ɗaya bayan hunturu, sau ɗaya bayan damina. Na rubuta wa malamina saƙo a daren nan, ina roƙon ya ba ni minti ashirin gobe mu tattauna yadda za a saka yashi cikin gwajin, in Allah ya kai mu.