Hari uku da suka yi mini yawa a lissafin Golden State

Daren jiya, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, jadawalin Excel da nake fama da shi tun mako uku da suka wuce ya ba ni lambar da nake nema, wato 99.3, matsakaicin yawan harin da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Golden State Warriors ke kaiwa a kowane wasa. Na daɗe ina kallon allon kwamfutar cikin farin ciki, kuma na ga ya dace in rubuto muku yadda abin ya kasance, 'yan'uwana masu koyon lissafin ƙwallon kwando, domin na tabbata a cikinku akwai wanda zai yi tuntuɓe a daidai inda na yi.

Na zaɓi kakar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta 2015 zuwa 2016 ne don gwaji, saboda a cikinta Golden State Warriors ta ci wasa 73 ta sha kashi a 9, San Antonio Spurs kuma ta ci 67 ta sha kashi a 15, ina so in auna su biyun da hannuna bisa maki a kowane hari 100 (hari ɗaya shi ne daga lokacin da ƙungiya ta karɓi ƙwallo har ta koma hannun abokan karawa). Na yi amfani da ƙa'idar ƙirga hari da dukanmu muka fara da ita: jifan fili, a cire ribawun na masu kai hari (wato cafke ƙwallo bayan jifan da bai shiga ba), a ƙara asarar ƙwallo, a ƙara jifan kyauta sau 0.44. A kowane wasa Warriors na da matsakaicin jifan fili 87.3, ribawun na hari 10.0, asarar ƙwallo 15.2 da jifan kyauta 21.8, wanda ya ba ni hari 102.1. Da na duba shafin Basketball-Reference sai na tarar da 99.3. Ratar kusan hari uku ba abin da za a kawar da kai a kansa ba ne, domin ita ce ta mayar da ƙarfin harin ƙungiyar, wato makinta a hari 100, 112.5 a wurina, alhali su suna da 114.5.

Da farko kaina na zarga. Na ɗauka na yi kuskure wajen shigar da lambobi, don haka na sake bin wasanni 82 ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya cinye mini kwana biyar da kuɗin data na wata guda, ga man janareta na dare uku da ba a kawo wuta ba. Kurakurai biyu kacal na samu, kuma gyaransu bai motsa jimillar ba ko kaɗan. Wannan asarar ta yi mini ciwo ƙwarai, domin da na tsaya na yi tunani tun farko, da na gane cewa kuskuren yatsa ba ya karkata gefe ɗaya a kusan kowane wasa.

Ƙarin lokaci shi ne abu na farko da ya rage ratar. Ni ina raba jimilla da yawan wasanni, su kuma suna daidaita ta a kan minti 48, ga shi Warriors ta buga ƙarin lokaci sau biyu a Boston cikin Disamba 2015, ta kuma buga a Oklahoma cikin Fabrairu 2016, daren da Stephen Curry ya jefa ƙwallon nan daga nesa aka tashi 121 da 118. Gyaran ya taimaka, amma bai kai rabin ratar ba. Daga nan na lura cewa shafin na amfani da 0.4 ne maimakon 0.44, wanda ya zaftare hari 0.9. Saura kusan hari guda ya tsaya mini a maƙogwaro har tsawon kwana goma.

Abin da ya warware mini shi, a wajen kallon wasa na gan shi. Ina sake kallon wani tsohon wasa da alƙalami a hannu, ina ja layi duk lokacin da ƙwallo ta sauya hannu, sai wani ɗan wasa ya yi jifa, ƙwallon ta bugi ƙarfen kwando, ta taɓa yatsun mai tsaron baya ta fita waje. Alƙalin wasa ya miƙa wa masu kai harin ƙwallo suka ci gaba. A takardata hari ɗaya ne bai katse ba, amma da na duba teburin sakamakon wasan, babu ɗan wasan da aka rubuta wa ribawun, domin babu wanda ya cafke ƙwallon. Irin wannan ana rubuta shi ne da sunan ƙungiya, kuma ba ya shiga cikin 10.0 ɗin da nake cirewa. Ke nan ƙa'idata tana ganin jifa na farko da jifa na biyu, ba ta ganin abin da ya haɗa su, sai ta ƙirga hari biyu inda ɗaya ne.

A nan ne na fahimci amfanin 1.07 da ke cikin doguwar ƙa'idar masanin lissafin ƙwallon kwando Dean Oliver, lambar da na sha gani ina tsallakewa saboda ban san aikinta ba. Maimakon a cire ribawun da aka rubuta, ana ɗaukar kason ribawun na hari da ƙungiya ke samu, a ninka da yawan jifan da ba su shiga ba, sannan a ninka da 1.07 domin a cike gurbin waɗanda aka rubuta wa ƙungiya. A wajen Warriors, abin cirewa ya tashi daga 10.0 zuwa kusan 11.3. Bayan haka sai a yi wa abokan karawa irin wannan lissafi, a haɗa biyun a raba gida biyu, tunda ƙungiyoyi biyu a fili ɗaya karɓa-karɓa suke yi, yawan harinsu ba zai yi nisa da juna ba. Da na shigar da wannan layi na ƙarshe ne lambar ta zauna daram.

Sakamakon kwatancen ya biya ni wahalata. A kowane wasa Warriors na cin maki 114.9 ana cin ta 104.1, ratar 10.8, Spurs kuma na cin 103.5 ana cin ta 92.9, ratar 10.6. Amma Spurs a hankali take wasa, hari 93.8 kawai, don haka da aka mayar da lissafin kan hari 100 sai ta koma gaba da 11.3, Warriors na biye da 10.7. Na gwada ƙa'idar hasashen nasara da ma'aunin 13.91 na Daryl Morey, ta ba Spurs nasara 67, daidai da abin da ta samu, ta ba Warriors 65, wato takwas ƙasa da abin da ta ci. Ban yarda a kira waɗannan takwas sa'a zalla ba, domin sau da yawa Curry kan zauna a benci kwata na huɗu gaba ɗaya idan an riga an yi nisa, 'yan canji su bar ratar ta ragu. Haka kuma ba zan kafa hujja mai ƙarfi a kan bambancin 0.6 ba, musamman da yake Oklahoma City Thunder ta fitar da Spurs a zagaye na biyu da ci 4 da 2, Cleveland Cavaliers kuma ta doke Warriors a ƙarshe da 4 da 3.

Yanzu hankalina ya koma kan wasannin Rivers Hoopers ta Fatakwal a gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, inda ake buga minti 40 bisa dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya. Lambobin 0.4 da 1.07 daga wasannin NBA aka ciro su, don haka ba zan ɗora su a kan wata gasa ba sai na ƙirga hari da hannu a wasa biyar aƙalla na kwatanta. Na gama kwata biyu na wasan farko, kuma duk wanda ke da lokacin ɗaukar wasa ɗaya ya ƙirga tare da ni, zan aika masa da jadawalin yadda yake yanzu.