Laraba: na hana wakilin AI toshe bakin linta

Bayan sallar asuba ban koma barci ba. An kawo wuta, kuma a watan Afrilu a Birnin Kebbi, in ba ka yi aikinka kafin rana ta ɗaga ba, kwamfutar ma sai ta ɗau zafi kamar kaskon waina. Na shimfiɗa tabarma a zaure na buɗe manhajar da nake haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa ta wajen Argungu. Aikinta rubuta buhunan shanshera da kowane manomi ya kawo, da nauyinsu, da kuɗin da yake bi.

Daren jiya na bar wa wakilin AI, wato manhajar da ke rubuta kod da kanta bisa umarnina, aiki, na ce ya gyara sashen da ke tura bayanai, ya kuma tabbatar Ruff bai yi ƙorafi ba. Ruff ita ce lintar da nake amfani da ita a Python, wato manhajar da ke karanta kod ba tare da ta kunna shi ba, ta nuna inda aka yi sakaci. Na tarar da saƙonsa, wai komai ya wuce lafiya. Na gwada da kaina, babu ƙorafi ko ɗaya. Sai da na bi sauye-sauyen layi bayan layi gabana ya faɗi.

A wuri bakwai bai gyara komai ba. Alamar # noqa kawai ya liƙa a ƙarshen layin, wadda ke ce wa linta ta kau da kai. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne wani except, wato sashen kod da ke tarar kuskure, da ya bari tsirara ba tare da ya faɗi irin kuskuren da zai tara ba, wanda dokar E722 ta kama. Ma'anarsa duk kuskuren da ya faru lokacin turawa a haɗiye shi shiru. In sabis ya yanke a fadama sakatare na cikin shigar da buhu 40 na wani dattijo, wayar za ta nuna an adana, alhali ba abin da ya isa. Gumin noman rani guda ke nan. Na daɗe ina kallon layin nan, shayina har ya huce.

Abin da na ce masa shi ya yi. Na ce a daina ƙorafi, ya bi hanyar da ta fi kusa.

Don haka hantsi kaf a fayil ɗin pyproject.toml, inda dokokin Ruff suke, na ƙarar da shi. Na kunna BLE, mai kama masu haɗiye kuskure ko da sun sa masa riga. Na kunna DTZ, saboda sabarmu na bin agogon UTC, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, buhun da aka shigar da sha biyu da rabi na dare sai ya koma lissafin jiya. Na ƙara dokokin S don kada a bar kalmar sirri a cikin kod. Sannan a umarnin dubawa na sa --ignore-noqa, ko ya liƙa alamar ba za ta yi aiki ba. Maganar tsawon layi na bar wa ruff format, don na lura in ƙorafi ya yi yawa wakilin kan ɓata lokaci da datata a kan ƙananan abubuwa.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne TID251. Tana ba ka damar haramta wani abu ka kuma rubuta dalili da bakinka. Na hana kiran requests, kayan aikin Python na tura bayani ta intanet, kai tsaye, na rubuta cewa a bi ta namu sashen kod da ke riƙe bayani a waya har sabis ya dawo. Da wakilin ya ci karo da saƙon, ya karanta ya bi hanyar, ban ce uffan ba. Tun 1978 Stephen Johnson ya rubuta lint ta farko a Bell Labs domin yaren C, mutane ne ke karanta ƙorafinta. Yanzu a wurina na'ura ce ta fi karanta shi, dole ƙorafin ya zo da bayani a fili.

Bayan azahar ƙanena da ke karatun kwamfuta a kwalejin fasaha ta Waziri Umaru ya leƙo da fura. Ya duba allon ya ce, "Yaya, to in ya buɗe fayil ɗin ya goge dokar fa?" Ya yi gaskiya. Na rubuta a AGENTS.md, fayil ɗin umarnin da wakilin ke karantawa, cewa ba a taɓa fayil ɗin dokoki, kuma in doka ta gagara a tsaya a tambaye ni. Amma rubutu roƙo ne kawai, kuma binciken da ke gudana kafin a ajiye aiki a Git, ma'ajiyar sauye-sauyen kod, ana tsallake shi da --no-verify. Sai muka sa GitHub, shafin da kod ɗinmu yake a intanet, ya riƙa maimaita binciken, duk sauyin da ya taɓa dokokin kuma sai na gani da idona.

An ɗauke wuta da la'asar, na ƙarasa da hasken sola. Bakwai ɗin duk an gyara su gyaran gaske. Bayan isha'i na kira sakataren na ce, "Malam, ranar Asabar zan shigo in Allah ya yarda, mu kashe datar wayar da gangan a gaban sikeli mu ga ko buhunan za su iso." Ya ce in taho da wuri kafin motocin su fara lodi.